Wa ke bin ƙwallon kwandon ƙananan kwalejojin Amurka a nan? Hoton da suke haska mana ya ishe ni

Baban Ummi:
Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Tambaya gare ni kuma da ƙorafi duk a haɗe. Ɗan yayata ne, a hannuna ya tashi tun yana aji biyu na firamare, Allah ya ba shi tsawo ya kuma sa masa son ƙwallon kwando, bara ya samu tafiya wata ƙaramar kwaleji ta shekara 2 a jihar Kansas, irin waɗanda suke ce wa juko. To tun watan Nuwamba da suka fara wasannin bana ban bari ko ɗaya ya wuce ni ba, su ƙarfe 7 na yamma suke farawa, mu nan Kano biyun dare ke nan, cikin sanyin nan zan tashi in ja bargo in kunna waya kowa na barci. Jiya kam wallahi raina ya ɓaci. Kyamara ɗaya tal, an kafa ta can sama kamar daga kan bene ake leƙowa, 'yan wasa sun koma kamar tururuwa, lambar riga ba ta karantuwa, ni da na rene shi sai ta yanayin gudunsa nake gane shi. Allon maki babu shi a jikin hoton, sai dai in mai sharhi ya ga dama ya faɗa. Sannan saura minti 2 a tashi, maki 3 ne tsakani, hoto ya tsaya cak yana ta juyi, ko da ya dawo har an tashi ana gaisawa. Data ta kusan giga 2 ta tafi ban ga ƙarshen wasa ba. Shin haka abin yake ko'ina ko makarantarsu ce kawai? Kuma laifin nasu ne ko na netwok ɗina?

Abba Fagge:
Wa alaikumus salam Baba. Allah ya saka da alheri, amma ni fa gaskiya in zan hana idona barci biyun dare to NBA, babbar gasar ƙwararrun Amurka, zan kalla, kyamara ta ko'ina, a maimaita maka dank sau uku. Waɗannan ƙananan makarantun wa ya san da su? Ka ce ya riƙa turo maka guntayen bidiyonsa da safe kawai ka huta

Baban Ummi:
Abba ba ka ajiye iyali ba tukuna shi ya sa. Guntun bidiyo ai inda ya ci kaɗai zai turo min. Ni so nake in ga inda ya zubar, in ga yadda yake zama a benci in koci ya cire shi, yana sunkuyar da kai ne ko yana tafa wa 'yan uwansa. Yaron da ke wata uwa duniya shi kaɗai, a nan nake gane ko lafiya yake, don a waya kullum lafiya lau zai ce maka.

Koci Samaru:
Abba ɗana zo nan, wannan maganar ta wa ya san su ba zan bar ta ta wuce ba. NBA ɗin da kake tashi dominta, ka san daga ina wasu manyanta suka fito? Scottie Pippen a Central Arkansas ya yi karatu, lokacin makarantar tana ƙarƙashin NAIA, ƙungiyar wasannin ƙananan kwalejoji, da farko ma kayan 'yan wasa yake kula da su kafin ya samu shiga, a zaɓen sababbin 'yan wasan NBA na 1987 aka ɗauke shi na 5, ya je ya ci kofi 6 da Chicago. Dennis Rodman daga Southeastern Oklahoma State, ita ma NAIA ce a lokacin. Ben Wallace a Virginia Union ya gama, rukuni na 2 a gasar jami'o'insu (na 1 shi ne na manya), a 1996 babu ƙungiyar da ta zaɓe shi, amma sau 4 ana ba shi gwarzon mai tsaron baya na shekara. In ka ce waɗannan na da ne to ga na zamaninka, Jimmy Butler sai da ya yi shekara a juko ta Tyler a Texas kafin Marquette ta ɗauke shi, Derrick White da ya ci kofi da Boston a 2024 shekara 3 ya yi a rukuni na 2 a Colorado Springs, Duncan Robinson kuwa daga Williams ya fara, rukuni na 3, inda ko kwabo ba a ba ka saboda wasa.

Kuma bar ta waɗancan, ga namu na gida. Masai Ujiri a nan Zariya ya tashi, a hannun Koci Oliver Johnson na ABU ya samu horo kamar yaran garin nan da yawa, da ya je Amurka ba wata babbar jami'a ya faɗa ba, Bismarck State ya yi shekara 2, juko ce a North Dakota inda sanyi ke neman kashe mutum. Shi ne dai ya zo ya shugabanci Toronto har suka ɗauki kofin NBA a 2019. To wanda yake Samaru a wancan lokacin yana son ganin wasan Masai ko hoton tururuwan ma ba zai samu ba. Saboda haka Baban Ummi ka ci gaba da tashi, ba ka yi asara ba.

Abba Fagge:
Na karɓi gyara Koci, Allah ya huci zuciyarka. Ban san Butler ya bi ta juko ba wallahi. Amma dai mutum nawa cikin dubu ke kaiwa can?

Koci Samaru:
Kaɗan ne ƙwarai, wannan gaskiyarka ce, kuma duk yaron da na tura abin da nake fara gaya masa ke nan, ka riƙe takardar karatunka da hannu biyu. Amma ba don su kai NBA muke kallonsu ba.

Ɗan Kansas:
Salam jama'a. Kawu Baban Ummi sannu da ƙoƙari, bari in ba ka amsa don ni na yi wannan aikin da hannuna. Lokacin ina ɗalibi a wata ƙaramar makaranta a nan, bizar karatu awa 20 a sati ta yarda mutum ya yi aiki kuma a cikin makaranta kawai, to ni ofishin wasanni na samu, shekara 2 ina riƙe kyamara. Abin da mutane ba su sani ba shi ne babu wani gidan talabijin a wajen. Ma'aikaci ɗaya ne, in an yi sa'a biyu, shi ke rubuta labarin wasa, shi ke shigar da alƙaluma, shi ke kula da shafin makaranta, kuma ba na kwando kaɗai ba, da na raga da na ƙafa da guje-guje duk a kansa. Sauran mu ɗalibai ne ake biya kuɗin awa. Ranar wasa mata su fara wajen biyar da rabi, maza su biyo baya, kai kana tsaye a saman kujeru sama da awa 4 kana juya kyamara hagu da dama. Ina faɗa maka tsakani da Allah akwai ranar da wasa ya yi zafi na shagala ina kallo da idona, kyamara na kallon fili babu kowa ƙwallo tana ɗaya ɓangaren, sai da oga ya yi min magana a kunne. Daga baya na tuna akwai iyayen wani a wata ƙasa da suka rasa wannan jifan saboda ni, abin ya dame ni sosai.

Maganar allon maki kuma, waya ce ake ja daga teburin masu riƙe agogo zuwa kwamfutar da ke haska wasan, ita ke sa maki da lokaci su fito a jikin hoto. In wayar ta samu matsala ko allon tsoho ne ba ya haɗuwa da kwamfuta, sai a kafa wata 'yar kyamara tana kallon allon a manna hotonta a gefe. In wanda ya iya haɗa wannan bai zo aiki ba ranar shi ke nan babu maki. Ba raini ba ne, ƙarancin hannu ne da kuɗi.

Baban Ummi:
Ikon Allah, ashe ɗalibai ne. Na gode ƙanena, yanzu na ɗan sauko. Ni duk zatona Amurka komai nasu a shirye yake

Ɗan Kansas:
Kawu wasu garuruwan da juko ɗin nan suke ko wata unguwa ɗaya ta Kano ta fi su mutane, gonaki ne ta ko'ina. Kuɗin yana wajen manyan rukuni na 1 masu kwantiragin talabijin.

Injiniya:
Ni ɓangaren tsayawar hoton zan taɓa. Kafin ka ɗora wa netwok ɗinka laifi yi wannan gwajin, da zarar ya maƙale ka buɗe YouTube ka kunna kowane bidiyo, in ya tafi sumul to daga can ne. Biyun dare ma ai lokacin ne netwok ya fi sakewa a nan tunda mutane sun kwanta. Abin da ke faruwa, ɗakin wasan nasu yana tura hoton ne ta intanet ɗin makaranta, in ba su ja wa kwamfutar waya tata ba suka bar ta a waifai, to da 'yan kallo sun cika kowa ya ciro waya sai hanyar ta cushe, kuma yaushe kowa ke ciro waya? ƙarshen wasa in ya yi zafi. Shi ya sa kullum a daidai inda ba ka so yake tsayawa.

Sannan ƙwallon kwando tana da wuyar haskawa fiye da mutum ya zauna yana jawabi. Na'ura tana matse hoto ne ta hanyar tura abin da ya canza kawai daga wannan hoto zuwa na gaba, to a nan komai canzawa yake, mutum 10 na gudu, kyamara na juyawa, katakon ƙasa na sheƙi yana mayar da hasken fitila. In ƙarfin turawar bai kai ba sai ka ga fuskoki sun dame kamar an shafa musu koko. Hoto 30 a daƙiƙa ma ƙwallo ɓacewa take in aka yi dogon fasin, 60 ne ke nuna ta sosai amma shi kuma ya fi cin data. Shawarata kar ka bar ingancin hoton a kan zaɓin da yake canza kansa, ka kafe shi a 480, data za ta ragu sosai kuma tunda dama daga nesa aka ɗauka ba wani abu mai yawa za ka rasa ba. Ka kuma buɗe shafin alƙaluman wasa na kai tsaye a wata wayar in akwai, rubutu ne zalla ba ya cin komai, yakan ma riga hoton da 'yan daƙiƙu, ko hoto ya tsaya za ka san wa ya ci.

Baban Ummi:
Wannan shafin alƙaluman a ina ake samunsa Injiniya?

Injiniya:
Shafin wasannin makarantar, wajen jadawali, kusa da inda kake danna bidiyo galibi akwai wata alama ta biyu. Ba kowace juko ke yi ba amma gwada.

Maman Hanif:
Assalamu alaikum. Yaya Baban Ummi ai kai gode wa Allah naka kyauta ne. Tawa 'yar tana rukuni na 2, shekararta ta farko lafiya lau muke kallo ba ko sisi, ni da ƙannenta mu haɗu a falo, sai kawai aka wayi gari ƙungiyar makarantun yankinsu ta sayar wa wani kamfani haƙƙin nunawa, yanzu sai ka biya duk wata kuma da dala. Katina na banki ya ƙi, na gwada na maigidan ya ƙi, sai da na roƙi wata 'yar uwa da ke can ta biya na tura mata naira, ku da kanku kun san yadda canji yake. Duk wannan da sauƙi da a ce hoton ya gyaru, amma wallahi kyamarar nan ce dai guda ɗaya, ɗaliban nan ne dai, abin da ya ƙaru talla ce kawai a lokacin hutu. Kuma wasan mata sau da yawa ko mai sharhi babu, sai ƙarar takalma da usur, sai an zo na maza ka ji mutum biyu sun zauna suna zuba. Ranar da aka samu mai sharhin kuma sunanta ya gagare shi, ya murɗe shi har ban gane da ita yake ba. Ni abin da ke min ciwo, su wa ke kallon wasan nan in ba iyaye da kakanni ba? mu ɗin dai da muka ba da 'ya'yan mu ake karɓa a hannunmu

Ɗan Kansas:
Anti kina da gaskiya a kan wasan mata, na gani da idona. Maganar suna kuma ki ce mata ta je ofishin ta faɗa musu yadda ake furtawa, suna da takardar da suke rubuta wannan don masu sharhi, wasu ma murya suke ɗauka. Amma kuɗin nan bari in faɗi ɗaya ɓangaren, kamfanin yana ba makarantun wani kaso, kuma makarantar da ba ta da kuɗin sayen kyamara ta biyu da wuya ta ce a'a.

Maman Hanif:
To ina kyamara ta biyun? Shekara ta biyu ke nan muna biya ɗana, ban gan ta ba.

Ɗan Kansas:
Wannan kam ba ni da amsarsa Anti.

Koci Samaru:
Hajiya ni ina bayanki. In za ka karɓi kuɗin mutum to ka sa sharaɗi, allon maki dole, agogon jifa dole, mai sharhi a wasan mata da na maza dole. Agogon jifan nan, mai ƙirga lokacin da ya rage wa ƙungiya ta yi jifa, mutane na raina shi, a kwaleji daƙiƙa 30 ne ba 24 irin na NBA ba, in ba ka ganinsa ba za ka gane me ya sa yaro ya yi jifan gaggawa ba, sai ka zage shi a banza alhali lokaci ne ya ƙure masa.

Abba Fagge:
To ni ba an ce yanzu akwai kyamara mai bin ƙwallo da kanta ba? su sa ta mana kowa ya huta, ita ai ba ta shagala

Injiniya:
Akwai, makarantu da yawa sun koma kanta. A bango ake kafe ta, tana ɗaukar filin gaba ɗaya, sai manhaja ta riƙa yanko inda take ganin wasan yake. Ba ta gajiya ba ta makara, amma tana ruɗewa. A 2020 a Scotland wasan ƙwallon ƙafa tsakanin Inverness da Ayr United, irin wannan kyamarar ta riƙa barin ƙwallo tana bin kan mataimakin alƙalin wasa saboda yana da sanƙo, lokacin korona ne ba 'yan kallo a fili, duk wanda ya biya a gida abin da ya sha kallo ke nan. A kwando matsalarta in aka ƙwace ƙwallo aka ruga da gudu, kafin ta juyo an riga an zura.

Ɗan Kansas:
Kuma ba ta san labari ba. In yaro ya faɗi yana riƙe da gwiwa mutum zai tsaya a kansa ko ya kawar da kai don mutunci, in koci yana faɗa da alƙali mutum zai nuna maka, ita kuwa tsakiyar fili za ta tsaya tana kallo. Abin da Kawu ya ce yana son gani, zaman benci, ita ba ruwanta da benci sam.

Na Tudun Wada:
Ni ina ta karatu ban sa baki ba, amma bari in ce wani abu don kar a ɗauka sai mai ɗa a can ke kallo. Ni ba ni da kowa a Amurka, koyarwa nake a sakandare ina kuma horar da yara da yamma, kuma na fi shekara 6 ina bin rukuni na 2 da na 3, dalili kuwa a can ake ganin aikin koci tsirara. Ba su da yaron da zai tashi sama ya gyara kuskuren kowa, dole tsari ya yi aiki. Ku duba Northwest Missouri State zamanin Ben McCollum, kofin ƙasa 4, 2017 da 2019 da 2021 da 2022, a 2019 wasa 38 suka buga ba a ci su ko ɗaya ba, kuma a hankali suke wasa kamar masu tsinke wake, su juya ƙwallo su juya har sai agogo ya kusa ƙarewa sannan a samu wanda yake shi kaɗai. Sai ga kishiyarsu Nova Southeastern ta Jim Crutchfield a Florida, su matsi ne tun daga ƙarƙashin kwandonka har a tashi ba numfashi, a 2023 wasa 36 ba faɗuwa, wasan ƙarshe suka ci West Liberty 111 da 101, a minti 40 fa. Akwai kuma Grinnell a Iowa, rukuni na 3, su mutum 5 suke cirewa a zuba wasu 5 kusan duk minti, jifan maki uku kawai kamar ruwan sama, a nan ne Jack Taylor ya ci maki 138 shi kaɗai a Nuwamban 2012, jifa 108 ya yi. Wasu na cewa wannan ba ƙwallo ba ce kuma ina fahimtarsu, ni ma ba zan koya wa yarana haka ba.

To inda zan saɓa da ku, ni hoton nan na nesa da Baban Ummi ke kuka da shi, shi na fi so. Talabijin ɗin manya sai su matso kan fuskar tauraro ko su nuna wani mawaƙi a cikin 'yan kallo, ni kuwa so nake in ga duka goman lokaci ɗaya, wa ya yi shinge, wa ya bar mutuminsa, wa ya makara wajen komawa baya. Ina tsayar da shi in zana a littafi washegari in gwada da yara. Ku ba ni allon maki da hoton da ba ya yankewa, na yafe sauran.

Baban Ummi:
Malam kai tsari kake nema ni ɗana nake nema, ka ga ba za mu daidaita ba. Amma na ji daɗin bayaninka wallahi

Na Tudun Wada:
Haka ne Alhaji, kowa da abin da ya tashe shi cikin dare.

Maman Hanif:
Malam in suna so ai duka biyun za su iya, ta sama tana nan, ɗaya kuma a ƙasa lokacin jifan fawul a nuna mana fuska ko sau ɗaya. Wata 7 ban ga yarinyar nan ido da ido ba.

Abba Fagge:
Ni kuma wani abu ke cina tun ɗazu. Muna nan muna ƙorafi a kan ƙauyen Kansas, to namu fa? Yara na buga wasa a Kano da Kaduna da Zariya da Jos duk sati, wasu wallahi sun iya, wa ke haskawa ko da hoton tururuwan ne? Ni na sha zuwa kallo a Ƙofar Mata, in ba ka je da ƙafarka ba shi ke nan wasan ya wuce kamar ba a yi ba

Koci Samaru:
Yawwa Abba, yanzu ka zo inda ke min ƙaiƙayi. Ka san yara nawa na rasa wa hanya saboda wannan? Kocin can in ka rubuta masa abu na farko da zai tambaya cikakken wasa ne, daga farko har ƙarshe, ba guntayen da aka yanka aka sa musu kiɗa ba, don ya san kowa gwani ne a guntu. Akwai wani yarona, hannu gare shi kamar me, koci ya nemi wasa 2 cikakku, muka rasa, wanda muke da shi wani ne ya ɗauka da waya a tsaye yana ihu yana tsalle rabi duk silin ake gani. Kafin mu shirya wani an ba wani yaro gurbin. Har yau in na gan shi a kasuwa sai na ji nauyi a ƙirjina. Shi ya sa ni hoton da ɗan Baban Ummi ke samu, duk lalacewarsa, dukiya ce, da shi makarantar shekara 4 za ta gan shi in ya gama juko.

Ɗan Kansas:
Ƙarin bayani kaɗan Koci, wanda kociyoyi ke musaya a tsakaninsu yawanci wanda aka adana ne a na'ura, ba ya yankewa kamar na kai tsaye, don haka ko ya tsaya wa Kawu a Kano su nasu yana nan cikakke. Kawu ka ce ya roƙi mataimakin koci ya ba shi, suna bayarwa.

Injiniya:
Na gida kuma ba wani abu ne mai wuya ba fa. Waya mai kyau ɗaya, a kwance ba a tsaye ba, sandar kafawa mai ƙafa uku, fawabank, wuri mai tudu daidai tsakiyar fili, da mutum ɗaya da ya yarda ba kallo ya zo ba. Ba sai an yi kai tsaye ba ma, a ɗauka a ɗora a YouTube da dare. Maki kuma a rubuta a allo a riƙa nuna shi duk hutu. Koci in kuna da wasa ranar da nake Zariya zan zo da sandata in nuna wa yaro ɗaya, sau biyu ya isa ya iya.

Koci Samaru:
Na riƙe ka da wannan Injiniya, zan neme ka ta akwati. Allah ya yi albarka.

Baban Ummi:
Jama'a na dawo da rahoto. Na sa yaron ya je ofishin kamar yadda ƙanena Ɗan Kansas ya ce, ya gaya wa mutumin cewa akwai masu tashi biyun dare a Najeriya suna kallo, ya ce mutumin har ya riƙe baki, bai taɓa sanin ana kallonsu daga nan ba. Wasan jiya Asabar da rana suka yi, ƙarfe 3 nasu goman dare namu, sai na kira yayata ta zo da yaranta muka jona a talabijin. Allon maki ya fito, ɗan ƙarami a gefe kuma yana ɗan karkace amma ana karantawa. Na sa 480 kamar yadda Injiniya ya ce, sau ɗaya ya tsaya kuma bai daɗe ba. Maki 6 ya ci, ya kwaso ƙwallo 9 daga kwando, fawul 4, Koci wannan fawul ɗin sai ka yi masa magana don hannu yake kaiwa maimakon ya motsa ƙafa, ni ma na gani. An ci su da maki 5. Uwarsa ba ta kalli maki ba sam, da mai sharhi ya ambaci Najeriya sai ta fara share hawaye, abin da take ta faɗa kawai ya rame, ya rame, ni ko ban san ta yadda ta ga rama a wannan hoton ba.

Koci Samaru:
Turo min lambarsa ta akwati. Ƙafa ce matsalar dogayen yaranmu duka, a makare suke farawa.

Na Tudun Wada:
Alhaji in Allah ya sa suka kai gasar ƙasa, a Hutchinson ake yin ta nan cikin Kansas ɗin a watan Maris, tun 1949 a garin ake yi, ƙungiya 24, kuma hoton can ya fi na makarantu nesa ba kusa ba don kociyoyin manyan jami'o'i cika wajen suke. Ka kuma lura a Lahadi ta biyu ta Maris suna tura agogonsu gaba da awa ɗaya, bakwai ɗinsu za ta koma ɗayan dare a nan ba biyu ba, ni ya taɓa cina na tashi na tarar an kai rabi.

Baban Ummi:
Allah ya kai mu Malam, sai sun fara fita daga yankinsu tukuna kuma akwai ƙungiya biyu da suka fi su ƙarfi a gani na. Laraba suna da wasa a waje, yaron ya ce ɗakin wasan waccan makarantar fitilunsa rawaya ne kuma kyamararsu a bayan kwando take.

Maman Hanif:
Yaya sa mana mahaɗin a nan in lokaci ya yi, tawa ba ta da wasa ranar, zan tashi in taya ku. Wace lamba ce a rigarsa?